Zan kai iyalina yawon garuruwan Ayalan da jagora, in biya kuɗin ko in dakata?

Wani Alhaji daga Kano ne ya turo tambayar. Ya ce yana so ya tafi da maiɗakinsa da Hajiyarsa da yara uku, masu shekara 5 da 10 da 14, a dogon hutun Agusta, kuma wani kamfani ya turo masa jadawalin kwana 8 a babbar bas da jagora: Dablin, Kilkenny, Cork, Killarney, Galway, sai Belfas, sannan a dawo Dablin. Yana tambaya ko ya biya.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya saka maka da alheri da ka tuna da Hajiya a wannan tafiyar. Na daɗe a ƙasar nan, kuma shirya wa mutane irin wannan yawon yana cikin abin da nake yi, dan haka zan faɗa maka kai tsaye: kar ka biya tukuna. Ba wai ina cewa kamfanin macuta ba ne, a'a, jadawalin ne kawai ba dan irin iyalinka aka tsara shi ba. Yawancin waɗannan manyan bas-bas ɗin an gina tsarinsu ne dan dattawan Amurka da suka yi ritaya suka zo ganin ƙasar kakanninsu, mutum biyu miji da mata, akwati ɗaya-ɗaya, ba yaro ba sallah ba batun halal. Kai kuwa ku shida ne, da tsohuwa da ɗan shekara biyar.

Bari in fara da abin da ya fi tayar min da hankali a jadawalin, wato Belfas. Tsibirin guda ɗaya ne amma ƙasa biyu ce a kansa. Dablin da Cork da Galway da sauran duk suna Jamhuriyar Ayalan, kuɗinsu yuro. Belfas kuwa tana Ayalan ta Arewa, wadda ɓangaren Birtaniya ce, kuɗinsu fam. A hanya ba za ka ga shinge ko ƙofa ba, sai dai kawai ka ga allon titi ya koma mil daga kilomita, shi ya sa mutane suke ɗauka ba komai, amma a doka mai fasfo ɗin Najeriya yana buƙatar bizar Birtaniya kafin ya taka can, kuma in bizarka ta Ayalan ta shiga sau ɗaya ce, toh ranar da ka tsallaka arewa ka cinye ta, dawowa Dablin ya zama sabuwar shiga. Kuma wani lokacin 'yan sanda, nan Garda ake ce musu, suna tsayar da bas ɗin da ta taso daga arewa su duba takardu. Na taɓa karɓar wani iyali da ejan ɗinsu a gida bai gaya musu wannan ba, sai a otal jagoran ya duba fasfo ɗinsu ya ce ba zai ɗauke su ba, haka suka zauna kwana biyu a Dablin bas ta tafi ta bar su, ga kuɗin da suka biya ba a dawo musu da ko sisi ba. Uwar yaran har kuka ta yi, ni kaina abin ya daɗe yana damuna. Dan haka ko dai ku nemi biza biyu ku shida, ta Ayalan mai shiga da yawa da ta Birtaniya, ko a cire Belfas. Ni shawarata a cire.

Sannan ka sani Ayalan ba ta cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya take shigar da mutum dukansu. In kana da bizar Faransa ko Jamus ba za ta shigar da kai nan ba, haka ma bizar Ingila da ke fasfo ɗinka. Tasu daban ce, ta ɗan gajeren zama mai harafin C, iyakarta kwana 90. Ana cike fom ɗin a intanet, a kai takardu da ɗaukar hoton yatsu a Abuja ko Legas, ofishin jakadancinsu yana Abuja. Kowane mutum da nasa fom har ƙaramin. Abin da suke zuba wa ido sosai shi ne bayanan asusun banki na wata 6, kuma in aka ga wasu maƙudan kuɗi sun faɗo kwatsam sati biyu kafin ka nema ba tare da bayani ba, toh ka ba su dalilin hana ka, dan haka in gona ka sayar ko fili ka haɗa da shaidar. Takardar haihuwar yara, wasiƙar makarantarsu da ke nuna za su koma aji, shaidar aikinka ko kasuwancinka, takardar aure, da wasiƙa da kai za ka rubuta ka bayyana inda za ku kwana kowane dare da wanda zai ɗauki nauyin Hajiya. In wata ƙasa ta taɓa hana ɗayanku biza ka faɗa, kar wani ejan ya ce ka ɓoye, ɓoyewar ta fi hanawar illa, kuma takardar bogi tana iya jawo haramcin har shekara 5. Ka ba abin aƙalla wata biyu, in da hali uku, kuma kar ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Wannan ma yana cikin abin da za ka tambayi kamfanin a rubuce: in an hana mu biza, nawa za ku dawo min da shi?

Jirgi kai tsaye daga Najeriya zuwa Dablin babu, sai an yada zango. Ni na fi tura iyalai ta Istanbul ko Doha, dan bi ta Landan yana da nasa ƙa'idojin na daban da ke iya ƙara maka wata bizar. Kuma dan Allah a gaya wa maiɗaki da Hajiya, kilishi da dambun nama da man shanu da duk wani abu na nama ko madara ba a shigowa da su Tarayyar Turai daga waje, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Yaji, garin kunu, kuka, dabino, waɗannan su za su fi muku amfani.

Toh yanzu jadawalin kansa. A taswira ƙasar ƙarama ce, Jamhuriyar duka ba ta wuce girman jihar Borno ba, mutanenta miliyan 5 da ɗoriya, daga Dablin zuwa Galway awa biyu da rabi ne, zuwa Cork kamar awa uku. Wannan ne yake yaudarar mutane su ga ai garuruwa shida a kwana takwas ba komai ba ne. Amma yadda ranar babbar bas take shi ne, akwatinku ya kasance a bakin ƙofar ɗaki wajen 7 na safe, a ci abinci, 8 an tashi, a tsaya nan minti arba'in a ɗau hoto, a tsaya can awa ɗaya, a isa sabon otal da yamma, gobe a sake ɗaure kaya. Ka ɗauki wannan ka ɗora wa maiɗakinka da za ta shirya yara uku kowace safiya, ka ɗora wa gwiwar Hajiya. Kuma da ka bar manyan tituna ka shiga yammacin ƙasar hanyoyin sirara ne masu lanƙwasa, shahararren zagayen nan na Ring of Kerry kilomita 179 ne, yini guda ake yi a kansa, yaro ɗan shekara biyar kafin azahar ya fara amai. Kamfanoni da yawa ma suna da mafi ƙarancin shekarun yaron da suke ɗauka, ka duba ko za su karɓi ƙaramin naka, kar sai ka biya a ce maka a'a.

Abu na biyu da za ka nema a jadawalin da idon basira shi ne giya. Ba laifinsu ba ne, al'adarsu ce kuma da ita suke tallata ƙasar, amma kusan kowane irin wannan yawon za ka ga an saka ziyarar Guinness Storehouse a Dablin, ko masana'antar wiski, da "daren kiɗa da cin abinci" wanda a mashaya ake yinsa, kuma duk kuɗinsu yana cikin abin da za ka biya ko kun shiga ko ba ku shiga ba. Kaga kenan ka biya kuɗin mutum shida dan ku zauna a bas kuna jiran wasu.

Shi ya sa abin da nake ba iyalai irin naka shawara shi ne ƙaramar mota mai kujera takwas da direba wanda shi ne jagoran, taku ku kaɗai. Da farko farashin zai yi maka kamar ya yi yawa, amma ka tara kuɗin kujera shida a babbar bas ka kwatanta, sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma abin da ka saya da bambancin shi ne ikon ka ce direba tsaya za mu yi sallah, direba yau Hajiya ta gaji mu koma masauki. Ka gaya musu shekarun yaran tun wuri dan a tanadi kujerar yara, doka ce a nan ga yaron da bai kai santimita 150 ko kilo 36 ba. Kar ka ce za ka yi haya ka tuƙa da kanka, ta hagu suke tuƙi, ga hanyoyin ƙauye da mota biyu da ƙyar suke wuce juna.

In ni ne zan tsara muku kwana takwas ɗin nan, masauki uku kawai zan yi: dare uku a Dablin, biyu a Killarney, biyu a Galway, sai a koma filin jirgi. Sauran garuruwan a bi ta cikinsu a hanya.

A Dablin akwai wuri guda da nake roƙonka kar ka bari a tsallake, kuma abin baƙin ciki yawancin jadawalin ba sa saka shi, sunansa Chester Beatty, gidan adana tsofaffin littattafai ne, yana cikin harabar fadar Dablin, shiga kyauta ne. Wani attajirin haƙar ma'adinai ne haifaffen Amurka ya tara littattafai na hannu daga ko'ina a duniya ya bar wa ƙasar, kuma a cikinsu akwai tarin Alƙur'anai rubutun hannu da ake lissafa su cikin mafiya daraja a wajen ƙasashen Musulmi. A nan ne ake ajiye da Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, wato sama da shekara dubu kenan. Ba kullum ake fito da kowane ɗaya ba, ana juya su saboda haske yana lalata takarda, amma duk ranar da ka je za ka samu abin da zai tsayar da kai. Na taɓa kai wata dattijuwa wurin, ta tsaya gaban gilashi tana karanta ayoyin a hankali da yatsanta a iska, jikokinta suna kallonta, wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ka kai Hajiya, ka kai ɗan shekara 14 ɗin nan, ka bar su su ɗau lokacinsu. Jami'ar Trinity da aka kafa a 1592 tana kusa, can ne littafin Kells yake, Linjila ce da aka ƙawata da zane wajen shekara ta 800, shi kuma da kuɗi ake shiga kuma gara a sayi tikiti tun kafin ranar. Ƙananan kuma a kai su Phoenix Park, akwai barewa suna yawo a sake, gidan zu ma yana ciki.

Ka yi ƙoƙari Juma'a ta same ku a Dablin ko wani babban gari. Musulmi a ƙasar sun haura dubu 80 a ƙidayar 2022, akwai masallaci a South Circular Road wanda tsohon coci ne aka saya aka mayar, kuma unguwar cike take da shagunan halal da gidajen abincin Larabawa da 'yan Pakistan, nan za ku yi guzuri. Cork da Galway da Limerick duk ana Juma'a. A ƙananan garuruwa kuwa ku riƙe dardumarku. Lokutan sallah ma ka shirya musu, a farkon Agusta magariba tana kaiwa bayan 9 na dare, isha ta yi can wajen 11, asuba kuma da wuri sosai, ku matafiya ne, ka tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ku taso dan kowa ya samu natsuwa. Alƙibla kudu maso gabas take. Agogo kuwa a bazara ɗaya ne da na Najeriya, ba sai kun canza ba. Banɗakunansu ba buta ba famfon tsarki, kowa ya riƙe 'yar gora a jaka.

Abinci kuma a nan ake yawan faɗawa ba a sani ba. Karin kumallon da otal ke alfahari da shi kusan duk alade ne, har da wani baƙin abu zagayayye da ake yi da jini. Ku tsaya kan ƙwai, wake, burodinsu mai ruwan ƙasa wanda yake da daɗi ƙwarai, fate na alkamar oti, da kifi, kuma ka ce a soya ƙwan a kasko daban, ba sa jin haushi, sun saba da masu larurar abinci. Kifi da dankali ma ka tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar, miyar kifin nan mai kauri wani lokacin da naman alade a ciki, farfesun naman sa kuma sau da yawa da Guinness ake dafa shi. Tambaya ɗaya ce ke raba ka da duk wannan. In za ka iya, a Killarney da Galway ka kama gida mai kicin maimakon otal, dan ɗakunan otal ɗinsu ƙanana ne ku shida dole sai ɗaki biyu ko uku, kuma Hajiya bayan kwana uku tuwonta za ta nema.

Ranar da za ku bar Dablin ku tsaya Kilkenny awa biyu zuwa uku, ya isa. Fadar garin ta kai shekara 800, iyalan Butler ne suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru kafin su miƙa ta ga mutanen garin a 1967 kan fam 50 kacal, ga fili mai faɗi da yara za su yi gudu. Blarney da ke kusa da Cork za a ce muku dole a je a sumbaci wani dutse a saman hasumiya wai yana ba da fasahar magana, matattakala sama da ɗari ce siririya mai murɗewa, Hajiya ba za ta iya ba, mu kuma ba mu da buƙatar sumbatar dutsen, lambun wurin dai yana da kyau. In za a ratse ta wajen Cork ni na fi son Cobh, ana furta shi kamar Kob, nan ne tashar ƙarshe da jirgin Titanic ya tsaya ranar 11 ga Afrilu 1912 ya ɗauki mutum 123. Amma abin da ya fi Titanic muhimmanci a garin shi ne ta nan ɗimbin mutanen ƙasar suka yi hijira. Dankalin turawan nan da muke ce wa Airish a kasuwannin Jos da Kano, shi ne abincin talakansu, da cuta ta kama shi daga 1845 yunwa ta kashe mutum kamar miliyan ɗaya, wasu kamar miliyan ɗaya suka tsere a jiragen ruwa, alhali a lokacin ana fitar da abinci daga ƙasar ƙarƙashin mulkin Ingila. Har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake kafin yunwar ba. In jagoranku na kirki ne ka sa shi ya ba yara wannan labarin, za su fahimci cewa Bature ma an mulke shi, ya yi yunwa, ya yi gudun hijira.

Killarney nan ne Hajiya za ta fi jin daɗi. Akwai keken doki da ke zagayawa da mutane cikin gandun dajin garin har bakin tafki da tsohon gidan tarihi na Muckross, tana zaune an lulluɓa mata bargo ba tafiyar ƙafa. Maimakon dukan zagayen Kerry ku yi rabinsa, ku tsaya a gonar da ake nuna yadda kare ke kiwon tumaki da fito kawai, duk yaron da ya taɓa ganin Bafulatani da garkensa zai tsaya baki buɗe. Daga nan zuwa Galway ku bi ta jirgin fito na Tarbert, minti ashirin ne a kan kogin Shannon da motarku a ciki, ku ɓulla Cliffs of Moher, gaɓar dutse ce da ta kai mita 214 a kan teku. A nan ba wasa, iska tana da ƙarfin ture mutum, hannun ƙaramin ya kasance a cikin naka koyaushe, kar kowa ya tsallake katanga dan hoto, mata su sa hijabin da ba ya tashi su kama shi da fil.

Agusta bazararsu ce amma zafin bai cika wuce 15 zuwa 20 ba, ka ɗauka sanyin Jos ne aka haɗa da yayyafi, kuma a yini ɗaya sai a yi rana a yi ruwa sau uku. Kowa da suwaita da rigar ruwa mai hula da takalmi rufaffe, lema iska ce ke karya ta. Lokacin ne kuma komai ya fi tsada dan su ma suna hutu, ka kama masauki da wuri amma irin wanda ake iya sokewa. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Kusan ko'ina da kati ake biya, ka tabbatar katinka na dala ko yuro yana aiki a waje, ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, in ta kai yuro 10,000 dole ka bayyana a filin jirgi. Mutanen akasari masu fara'a ne da son hira, za su tsaya su yi wa Hajiya sannu, amma tsakiyar Dablin da daddare musamman wajen Temple Bar mashaya ne, ku koma masauki da wuri.

Hajiya kuma a yi mata inshorar lafiya ta tafiya wadda ta ambaci ciwon da take da shi, in hawan jini ne ko suga a rubuta, dan asibiti a nan ga baƙo tsada ne sosai. Magungunanta su zo a kwalinsu na asali da takardar likita, a jakar hannu ba a akwati ba, ka kuma nemi keken guragu daga kamfanin jirgi tun ranar sayen tikiti saboda filayen Istanbul da Doha tafiya ce mai nisa a ciki. Lambar gaggawa 112 ce ko 999. A Dablin jami'in shige da fice ne zai yanke kwana nawa za ku yi ko da kuna da biza, dan haka tikitin komawa da adireshin masauki da takardar inshora su kasance a hannunka a buge a takarda, kar ka dogara da waya. In kamfanin ya turo maka sabon jadawali ba Belfas, da sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce, turo min in duba maka kafin ka biya. A gaida Hajiya da yara.